Ranar da 'Yan Baya Suka Yi wa Lasifika Gata

An fitar da sunayen masu tsaron raga uku da za su tsaya wa ƙasa, babu ƙanena a ciki. Biyun farko a ƙasashen waje suke wasa, ana kuma ganinsu a fili, ban da ta cewa a kansu. Na ukun shi ma a wajen yake, sai dai tun da aka shiga kakar bana bai tsaya a raga ba, a benci yake zaune da rigar sanyi. Shi aka kira. Ƙanena, wanda duk gasar cikin gida babu golan da aka ci kaɗan kamarsa, ko a waya ba a neme shi ba.

Kuma wannan ce kakarsa ta ƙarshe in ba a kira shi ba. Ya haura talatin, gwiwarsa ta hagu ta fara yi masa gardama, ga mai siton da yake wa aiki da safe ya daɗe yana son ya danƙa masa harabar gaba ɗaya, da sharaɗin ya bar ƙwallo, don ranakun wasa su ne ranakun da manyan motoci suka fi shigowa. Ƙanena ya ce masa ya dakata sai an ji sunaye. To, an ji.

Ni tela ce, karatuna a sakandare ya tsaya, ba zan yi muku ƙaryar na san ƙwallo ba. Amma shagona a manne yake da katangar filin kulob ɗinsu, kuma tagar baya, wadda nake ajiye keken ɗinki a gindinta saboda haske, tana kallon bayan raga kai tsaye. Rabin kowane wasan gida a gabana yake tsayawa, ya ba ni baya. Shekara da shekaru ina kallon ƙeyarsa ina ɗinki. Abin da na gani zan faɗa, da abin da na tambaya aka ba ni amsa, da wanda har yau ban gane ba.

Shi ne autanmu. Da mahaifiyarmu ta rasu ni na ƙarasa rainonsa. Yaron nan da kowa ke kira Lasifika yanzu, har ya shiga firamare ba a san muryarsa ba. Sai da muka kai shi asibiti a duba kunnensa, likita ya ce lafiyarsa ƙalau, magana ce kawai ba ta dame shi ba. Saboda shirun nan ne ma yaran unguwa suka tura shi raga, don nan ake tura wanda ba zai yi musu ba.

A sito bakinsa ya buɗe. Ya gama sakandare ba aikin yi, aka sa shi a ƙofar sito yana nuna wa direbobin manyan motoci hanya in za su shiga da baya. Ƙofar matsattsiya ce, tsakanin jikin mota da gini da ƙyar hannu ke wucewa. A makonsa na farko ya tsaya yana yi wa wani direba alama da yatsa, a hankali, cikin ladabi, har motar ta kwashe kusurwar ginin. Direban ya diro, wani tsoho mai ƙaton ciki, ya ce masa, "Kai yaro, bakin nan naka na ado ne? Ni ba na ganin bayana. Kai ne idona. In ba ka yi ihu ba makaho ne ke tuƙi!"

Ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. Washegari ina sharar ƙofar shago na ji wata murya daga can ƙarshen layi: "Zo, zo, zo! Karya dama! Kaɗan! Tsaya nan!" Na ce wa maƙwabciyata, wane mahaukaci aka kawo sito? Ta leƙa ta ce, "Naki ne."

Da wannan muryar ya koma raga, da kuma kalmomin nan ɗin, bai canja ko ɗaya ba. 'Yan bayansa huɗu, yadda yake juya tirela haka yake juya su. "Kyaftin, zo, zo, zo! Tsaya nan! Dogo, karya hagu, akwai mutum a bayanka!" Da farko 'yan kallo dariya suke yi, wasu har da kwaikwayon ƙarar mota mai ja da baya. Daga baya suka daina, da suka lura wasa kan ƙare abokan karawa ba su samu ko kafar bugu ba.

Ni dai abin ya daɗe yana ɗaure min kai. A talabijin ina ganin gola ya tashi sama kamar an cilla shi, ya ture ƙwallo da yatsa, ya faɗi ya mirgina, a yi ta maimaitawa. Nawa kuwa yana tsaye ƙiƙam yana zuba ihu. Matarsa, uwar 'yan biyu, takan ɗaga rigar wasansa ta nuna min ta ce, "Yaya, dubi don Allah. Wai an je an dawo ke nan. Da wannan ko neman aiki sai a je." Rigunan sauran 'yan wasa sai an jiƙa su, tasa ɗauraya kawai take so.

Wata rana ya kawo safar hannunsa in ɗinke masa babban yatsa, na tsare shi.

"Auta, kai me ya sa ba ka faɗuwa?"

"Faɗuwa kuma, Yaya? Addu'ar da za ki yi min ke nan?"

"Ka san abin da nake nufi. Irin na talabijin. Ko tsoron ƙasa kake yi?"

Ya yi dariya ya zauna a kan buhun ƙyallaye. "In kin ga na yi tsalle, to an riga an yi ɓarna a gaba. Ko wani bai ji ni ba, ko ni na makara ban faɗa ba. Yaya, in mota ta daki gini na ruga na cafe bulo kafin ya faɗi, sai ki tafa min?"

"Mutane za su tafa."

"Mai sito ba zai tafa ba."

Na ce to su masu zaɓe fa, mai sito ne ko mutane? Ya ɗauki safarsa yana jujjuya ta, ya ce ɗinkin ya yi kyau.

A tsakiyar kakar nan aka ce hukumar ƙwallo ta ƙasa ta turo mutum ya duba shi. Duk layinmu ya ɗauka. Mai wankin mota ya ce shi ya ga mutumin da idonsa, dogo ne mai tabarau. Aka zaunar da shi a rumfar manya, can ɗaya ɓangaren filin, tsakiyar masu ganga da masu busa ƙaho. Ranar na kashe keke na zauna a taga. Ban taɓa ganin Lasifika ya yi aiki kamar ranar ba. Jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Duk inda ɗan gaban baƙi ya juya sai ya tarar da mutum a tsaye yana jiransa, kamar an gaya masa tun jiya. Muka ci ɗaya, ba a ci mu ba. Ƙwallon da ta zo hannunsa ba ta taka kara ta karya ba, ita ma a ƙasa ta gangaro.

Mai Tabarau ya gaya wa kocinsu cewa yaron yana da tsayi mai kyau, amma ba a gwada shi ba, don haka babu abin da zai rubuta. Ya ce zai dawo.

Ya kuwa cika alkawari, wannan na yaba masa. Ya dawo ranar da muka karɓi kulob ɗin da ke saman tebur, aka sake kai shi rumfar nan. A rabin farko Lasifika yana ragar da ke gabana. Ba a daɗe da farawa ba na ji ya ce, "Kyaftin, karya hagu!" Kyaftin, wanda suka yi shekaru tare har ba sai an gama faɗa ba ya motsa, sai na ga ya yi dama. Na ce ko bai ji ba ne. Ɗan gaban baƙi ya shigo ta ramin ya ɗirka, Lasifika ya tashi ya ture ta saman ƙarfe. Fili ya kaure da ihu. Ni ma na miƙe har na zubar da kwalin allurai.

Aka sake. "Dogo, bayanka! Bayanka, Dogo!" Dogo ya tsaya yana gyara safa. Wani bugun. Ya kama. Wani kuma. Ya tare da ƙafa, da gwiwar nan mai ciwo, ya tashi yana ɗingishi. Tun ina ƙirgawa har na daina. 'Yan kallo kamar su haukace, suna kiran sunansa, mai wankin mota ya cire riga yana kaɗawa. Amma ni da ke bayansa ina jin abin da ba sa ji. Muryarsa ta canja. Da farko umarni yake bayarwa, daga baya ya koma roƙo. "Kyaftin, don Allah! Me na yi muku?" Kafin a tafi hutu ta dushe gaba ɗaya, sai hannu yake ɗagawa yana nuni da yatsa, kamar makonsa na farko a ƙofar sito.

Biyu suka shiga. Ta farko a gabana, ta biyu bayan an juya. Muka tashi sun ci mu biyu da ɗaya.

Da aka tashi na rufe shago na zagaya ƙofar fita, na tsaya jikin motar Mai Tabarau. Ba ni da kunya a irin wannan. Ya fito yana goge tabaransa da gefen riga, mutum ne da ka gan shi ka ga gajiya.

"Malam, ni ce yayar golan nan. Yau dai an gwada shi ko?"

"An gwada shi, Hajiya. Hannunsa yana da kyau ƙwarai, ban yi zato ba."

"To?"

Ya ga ba zan matsa daga jikin ƙofar ba. "Gaskiya zan gaya miki. Bayansa a watse yake. Kowa na yin abin da ya ga dama. A ƙungiyar ƙasa ana son golan da zai iya magana da 'yan bayansa."

Wallahi na ɗauka zolaya ce, sai da na dubi fuskarsa. Na ce, "Malam, ka san sunan da ake kiransa da shi a garin nan?" Ya ce ya ji ana ihun wani suna amma ganga ba ta bar shi ya ji sosai ba.

Ban yi masa faɗa ba, don tambayoyi ne suka cika min ciki. Na ce su waɗanda ke waje, wa ke zuwa duba su? Ya ce ba kowane lokaci ake zuwa ba, wakilansu kan turo bidiyo, an yanko wuraren da suka yi ƙoƙari an haɗa. Na ce wanda bai buga ba fa, me ake yankowa? Ya ce na bara, da na wajen atisaye. Na ce bidiyon da sauti yake zuwa? Ya yi tunani, ya ce yawanci kiɗa ake ɗorawa a kai. Na ce to golan da aikinsa a baki yake, yaya ake yanko shi? Ya ce, "Hajiya, ni abin da na gani nake rubutawa, wasu ne ke yanke hukunci." Ya faɗa ba da wulaƙanci ba. Na matsa ya shiga motarsa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Kyaftin. Mutum ba ya kurumcewa rana ɗaya. Allah ya taimake ni wandonsa yana wurina, na rage masa ƙugu. Da ya zo karɓa na ɗora wandon a cinyata na dafe.

"Zauna, Kyaftin."

"Yaya, sauri nake."

"Ranar Asabar ma sauri kake, ka yi dama an ce ka yi hagu. Sayar da wasan kuka yi?"

Ya zabura kamar na soka masa allura. "Haba Yaya! Ni? Ni zan sayar da Lasifika? Shi ya riƙe min matata a asibiti ina wasan waje!"

"To me ya toshe muku kunne ku huɗu a rana ɗaya?"

Ya zauna a kan buhun ƙyallaye ya dafe kai. Ashe bayan zuwan Mai Tabarau na farko su huɗun suka zauna suka yi shawara, ba koci, ba Lasifika. Suka ce mutumin nan ya ce ba a gwada shi ba, kuma laifinmu ne, mu muke tare komai. Shekaru yana rufa mana asiri, yau rana ta zo da za mu rama masa. In baƙon ya dawo, mu ɗan buɗe, a buga masa daga nesa, ya nuna hannunsa. Daga nesa kawai, in ji Kyaftin. Sun manta waɗanda suka buɗe wa ɗin su ne na ɗaya a tebur, ba a yi shawarar da su ba.

"Gata muka yi masa, Yaya. Wallahi gata."

Ban san ko in yi dariya ko in kwaɗa masa almakashi ba. Ina cikin wannan sai ga Lasifika a bakin ƙofa, ya taso daga sito, da ƙurar siminti a gashinsa. Ya ji ƙarshen maganar. Muryarsa ba ta gama dawowa ba, da ƙyar take fita.

"Gata?"

"Mutumina, tsaya ka ji..."

"Ka taɓa ganin direban da ya daki gini don a ga yaron motarsa ya iya gudu?"

"Ai ka kama! Duk gari maganarka ake yi. Dogo ya ce wadda ka ture da ƙafa ko a Turai..." ya haɗiye sauran, ya gyara, "ko a ina aka yi ta sai an maimaita."

"Dogo da ke gyaran safa? Ka gaya masa in ya sake gyara safa ina magana, da ita zan ɗaure shi a jikin ƙarfe."

"To ka yi haƙuri mana, ango. Ko uwar 'yan biyu ta ji daɗi, ta samu rigar wankewa."

Na ga bakin Lasifika ya motsa, dariya na son ƙwacewa, ya danne ta. Ya juya wurin Kyaftin. Sannan ya ce, "Na gode. Amma da kun tambaye ni." Ya juya ya fita yana jan ƙafar hagu. Kyaftin ya tafi ya bar wandon, har yanzu yana nan a rataye.

Tun ranar nake juya abin. Zuwa na farko ƙanena ya yi aikinsa daidai, aka ce ba a ga komai ba. Zuwa na biyu aka hana shi aikinsa, aka ga komai, aka ce bai iya aikin ba. Su Kyaftin sun yi wauta, na gaya musu a fuska. Amma wa ya koya musu cewa gola sai ya sha wuya ake ganinsa? Ba daga bakin mutumin hukuma suka ji ba?

Kuma kada a ce na ce ƙanena ya fi na bencin can. Ban sani ba. Ban taɓa ganin yaron ya tsaya a raga ba, ku ma bana ba ku gani ba. Wataƙila gwani ne. Wataƙila in aka tsayar da su rana ɗaya ya kunyata Lasifika, in haka ta faru zan ja bakina in koma kan kekena. Abin da nake so in sani shi ne, da wane ido aka auna su? Akwai gola a kulob ɗin da suka ci mu, ɗan siriri, na ga yana tafa hannu yana jera mutanensa kamar ɗaliban makaranta. Shi ma ba a kira shi ba. Shi wa ya je ya saurare shi?

Ranar da aka karanta sunayen a rediyo, da hantsi, ina yanka yadi. Ba a jima ba Lasifika ya shigo ya ajiye safar hannunsa a kan keke. Babban yatsan ya sake ɓarkewa, tun wasan nan. Na jawo zare.

"Bar shi, Yaya. Ba gyara na kawo ba. Ki ajiye."

"In ajiye in yi me da ita? In soya?"

"Na gaya wa mai sito in an rufe kaka zan karɓi harabar. Wasannin da suka rage sai in lallaba da tsohuwar."

"Ka gaya masa ko ka yi masa alkawari?"

"Na ce in ba wani abu ya canja ba."

Ya fita. Ta taga na hange shi ya ratsa filin, ba kowa a ciki sai mai yankan ciyawa. Da ya zo daidai raga ya tsaya ya tura ƙarfen da hannu, yadda yake yi kafin kowane wasa don ya ji ko yana girgiza, sannan ya wuce. Na ɗinke yatsan. Ninki biyu na yi masa.

Saura wasan gida biyu kafin a rufe kaka. Ku masu zaɓen 'yan wasan ƙasa, ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce, aikinku ne. Ku fito a rediyon nan da kuka karanta sunaye ku gaya mana ƙarara abin da kuke dubawa a jikin gola, don kada wasu 'yan baya su sake buɗe wa ɗan'uwansu wuta da sunan gata. Ku gaya mana abin da na bencin ya yi bana da ya fi na waɗanda ke tsayawa kowane mako. Sannan ku sake turo Mai Tabarau, ko wanda ya fi shi iko, amma kada ku sanar da kowa ranar, kuma kada a kai shi rumfar masu ganga. Ya zagayo ta bayan katanga ya tambayi shagon tela. Zan janye keken daga gindin taga in ba shi kujerata. Ya zauna rabin wasa ya saurara, sannan ya rubuta abin da ya ji.